Mushtari Mai Zafi: Duniyar da Hausa Ba Ta Raɗa Wa Suna Ba Tukuna

A dararen kaka, wajen ƙarshen watan Oktoba, duk wanda ya fita bayan gari a Tasawa ko Mayahi bayan sallar isha zai tarar da wasu taurari huɗu sun yi kusurwa huɗu kusan a tsakar kansa. Dab da gefensu na yamma akwai wani ɗan tauraro mai dushi-dushi, wanda sai mai kaifin ido ke gani, shi ma a daren da babu farin wata. Masana falaki na kiransa 51 Pegasi. Rana ce kamar tamu, sai dai nisanta ya kai tafiyar haske ta shekara 50.

A watan Oktoba na 1995 wasu masana biyu daga Jami'ar Janeba, Michel Mayor da Didier Queloz, suka ba da sanarwar cewa akwai wata duniya da ke kewaya wannan tauraro. Ita ce ta farko da aka gano tana kewaya tauraro irin ranarmu, kuma a kanta aka ba su kyautar Nobel a 2019. Ba su gan ta da ido ba. Yaron da ke juya majajjawa, jikinsa ma yakan ɗan yi tangaɗi saboda nauyin dutsen da ke jan sa. Haka tauraron yake: ya ɗan nufo mu, ya ɗan ja da baya, da gudun kusan kilomita 200 a awa, launin haskensa kuma na sauyawa kaɗan bisa wannan kai da komo. Daga nan aka lissafa nauyin abin da ke jan sa da tsawon kewayensa.

Lissafin ne ya girgiza masana. Duniyar ƙatuwa ce, nauyinta ya kai wajen rabin na Mushtari, amma tazararta da tauraronta ba ta kai kilomita miliyan 8 ba, alhali mu tsakaninmu da rana kilomita miliyan 150 ne. Mushtari namu yakan yi kusan shekara 12 kafin ya kewaye rana sau ɗaya. Ita kuwa kwana huɗu da ƴan awoyi sun ishe ta. Wato kafin kasuwar mako ta zagayo, ta shekara har ta wuce rabin wata shekarar. Zafinta kuwa yana wajen digiri 1,000. A fahimtar da ake da ita a da, irin waɗannan manyan duniyoyi ba sa samuwa sai can nesa da rana, inda ƙanƙara ke daskarewa ta taru ta zama cibiyar da za ta jawo iska. Bayanin da ya fi karɓuwa yanzu shi ne a nesan aka haife su, daga baya suka yi ƙaura zuwa gindin wuta.

Mai nazarin harshe zai lura cewa tun daga farkon wannan bayani muke ta dogara da kalmomin da ba su zauna daidai ba.

Ɗauki kalmar tauraro. A nan yankin an fi jin tamraro, wasu ma su ce tarmamuwa, kuma ɗalibai sun san cewa sauyin tamraro zuwa tauraro a Hausar Kano, kamar na amre zuwa aure da zamna zuwa zauna, yana cikin abin da ake kira dokar Klingenheben. Ko da wane lafazi aka faɗe ta, kalmar ba ta bambanta mai haske na kansa da mai aron haske. Zara, wadda ake wa kirari da matar wata, tauraruwa ce a bakin Bahaushe, haka ma Kaza da ƴaƴanta, alhali ta farko duniya ce maƙwabciyarmu, na biyun kuwa tarin ranaku ne. Ga wani tarko nan kuma: jam'in rana, wato ranaku, kwanaki yake nufi a kunnen kowa.

Gidajen rediyo sun zaɓi kalmar duniya, suna cewa duniyar Mas. Zaɓin ya kama, kuma ina ganin ba shi da laifi, amma duniya a Hausa wurin zaman mutane ce, kishiyar lahira. Wannan da muke magana a kanta ba ta da ƙasar da za a taka. Curin iska ce, akasari haidirojin da hiliyom, wadda ke ƙara kauri ana nutsawa cikinta. To, a ce mata duniyar iska? A ƙasar Maraɗi, inda bori ya daɗe da kafuwa, wanda ya ji haka zai zaci mazaunin iskoki ake nufi, in ma bai fashe da dariya ya tuna ɗan iska ba. Iskar gas kuma sai ta kai hankalin mai sauraro ga tukunyar girki.

Mafita mafi sauƙi tana cikin gadon malamanmu na zaure. Sunayen Mushtari da Zuhal sun shigo Hausa daga Larabci tare da lissafin taurarin damina, kuma Mervyn Hiskett ya yi nazarin yadda suka shiga rubutattun waƙoƙin Hausa tun 1967. Saboda haka Mushtari mai zafi ya fi dacewa: gajere ne, yana kwatanta baƙon abu da sananne, kamar yadda Turanci da Faransanci suka yi. Mai zafi ta fi zazzafa amfani a nan, don ba ta tilasta mana yanke hukuncin jinsi. Mushtari namiji ne, duniya mace, marubuci kuwa zai riƙa tsalle tsakanin zazzafan da zazzafar a sakin layi guda.

Kada a ɗauka wannan wasan kalmomi ne kawai. A Tasawa aka haifi Abdou Moumouni Dioffo a 1929, masanin kimiyyar lissafi da zafin rana, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa. A littafinsa kan ilimi a Afirka, wanda ya fito a 1964, ya nace cewa a koyar da yara cikin harsunansu. Malamin makarantar ƙauye a Mayahi da ke son bayyana wa ɗalibansa cewa taurari ranaku ne masu nasu duniyoyin, in bai sami kalma ba, Faransanci zai koma, darasin kuma ya zama hadda.

Wasu harsunan Afirka sun riga sun hau sama. Ƙungiyar masana falaki ta duniya takan ba ƙasashe damar raɗa wa tauraro da duniyarsa suna, da sharaɗin sunayen biyu su kasance masu alaƙa da juna. A 2019 Togo ta kira wani tauraro Atakoraka, Mushtarinsa mai zafi kuma Agouto, daga sunayen duwatsun ƙasar. Shekararsa ba ta cika kwana biyu ba. A 2023 Kamaru ta sa wa wani tauraro Wouri, sunan kogin da ya ratsa Duwala, duniyarsa kuma Makombé, sunan wani reshen kogin. Ita Makombé zafi ne ke ƙwace mata iska, har tana jan dogon jela na hiliyom a bayanta kamar tauraruwa mai wutsiya. Idan irin wannan dama ta zo wa masu Hausa, Gulbin Kaba da ya ratsa ƙasar Mayahi ya tanadar mana sunaye biyu a haɗe: a ce wa tauraron Gulbi, a ce wa duniyarsa Kaba.