Cinikin biri a sama: yadda kasuwar zanen NFT ta faɗi warwas

A shekarar 2021 an sayar da wani zane da babu shi a takarda, babu shi a bango, a kan kuɗin da ya kusa miliyar 38 na sefa. Bayan shekara ɗaya da rabi, cinikin irin waɗannan zane-zane ya ragu da kashi 97 cikin 100. Har yanzu dai ana tallar su ga matasa a WhatsApp da Telegram da sunan hanyar arziki, shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayanin abin daga tushe.

Mene ne NFT?

NFT haruffa uku ne na Turanci, ma'anarsu shaida ce da ba ta da tagwai, wato ba a musanya ta da wata kamar yadda ake musanya kuɗi. Idan ka ba mutum jaka guda ya maido maka da wata jakar, ba ka yi asara ba, don duk ɗaya suke. NFT kuwa kowace da lambarta, babu mai kama da ƴar'uwarta.

Ana rubuta wannan lamba ne a wani kundi na intanet da ake kira bulokcen. A ɗauke shi kamar babban littafin rajista wanda ba ya hannun mutum ɗaya. Dubban kwamfutoci a faɗin duniya kowace tana riƙe da kwafinsa, kuma abin da aka rubuta a ciki ba ya gogewa. Yawancin NFT na zane suna kan kundin Ethereum ne, ana kuma biyan kuɗinsu da kuɗin intanet na wannan kundi, mai suna Ether.

To, a nan ne mutane da yawa suka yi kuskure. Wanda ya sayi NFT, galibi ba zanen ya saya ba. Layi ɗaya ya saya a cikin rajista, mai cewa lamba kaza ta asusun wane ce. Shi hoton yana ajiye a wani wuri daban, kowa na iya kallonsa, kowa na iya sauke shi a salularsa kyauta. Sau da yawa ma haƙƙin mallakar zanen yana nan hannun wanda ya zana. Kamar a ce ka riƙe takardar fili ce, amma filin duk gari na shiga suna fita, ba ka da ikon yi masa shinge.

Lokacin da kasuwa ta yi tashe

Abin ya fara ne a hankali. A 2017 kamfanin Larva Labs ya fitar da ƙananan hotunan fuskoki 10,000 da ya kira CryptoPunks, kuma da farko kyauta aka raba su. Ba a ji amon abin sosai ba sai ranar 11 ga Maris, 2021, lokacin da gidan gwanjo na Christie's ya sayar da aikin wani Ba'amurke, Mike Winkelmann, wanda aka fi sani da Beeple. Mutumin ya fara zana hoto ɗaya kullum tun 2007, sai ya haɗe guda 5,000 wuri ɗaya. An buɗe tayi da dalar Amurka 100, aka rufe a dala miliyan 69.3. A lura, dalar Amurka muke nufi a duk wannan bayani, ba dalarmu ta kasuwa ba.

A cikin watan ne kuma Jack Dorsey, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Twitter, ya sayar da shaidar saƙonsa na farko na 2006 a kan dala miliyan 2.9. A watan Afrilu kamfanin Yuga Labs ya fito da hotunan birai 10,000 masu suna Bored Ape Yacht Club. Kowane biri an sayar da shi ƙasa da dala 200 a ranar farko. Kafin shekara ta zagayo, mafi arahar cikinsu ya kai wajen dala 400,000.

Daga nan sai fitattun mutane suka shigo. A Janairun 2022 mawaƙi Justin Bieber ya sayi biri ɗaya a kan kusan dala miliyan 1.3, ɗan ƙwallon Brazil Neymar ya sayi biyu a kan sama da dala miliyan ɗaya. A watan ne aka ƙiyasta darajar OpenSea, babbar kasuwar NFT a intanet, a dala miliyar 13.3. Bahaushe ya ce ba a cinikin biri a sama, amma a wannan karon duniya ta yi, kuma da tsada.

Faɗuwar

Alamar farko ta bayyana a Afrilun 2022. Sina Estavi, ɗan kasuwar da ya sayi saƙon Dorsey, ya sa shi a gwanjo yana neman dala miliyan 48. Da mako ya cika, tayi mafi tsoka bai kai dala 300 ba, wato wajen jaka 170 na sefa. Abin da aka saya sama da miliyar ɗaya da rabi na sefa, ga shi ana taya shi kuɗin ragon layya.

Alƙaluman da kafar Bloomberg ta wallafa sun nuna cinikin NFT ya sauko daga dala miliyar 17 a Janairun 2022 zuwa dala miliyan 466 a Satumban shekarar. Kafin ƙarshen 2022, birai irin na Bieber ana samun su a kan wajen dala 70,000. A Satumban 2023 wani shafi mai suna dappGambl ya duba jerin NFT 73,257, ya ce 69,795 daga ciki, wato kashi 95 cikin 100, ba su da sauran daraja a kasuwa.

Kamfanoni ma suka fara zare jiki. OpenSea ya sallami kashi 20 cikin 100 na ma'aikatansa a Yulin 2022, ya sake sallamar rabin waɗanda suka rage a Nuwamban 2023. Meta ya cire NFT daga Facebook da Instagram a Maris na 2023. A Disamban 2024 Nike ya sanar da rufe RTFKT, kamfanin NFT da ya saya shekara uku kafin nan.

Me ya jawo haka?

Na farko, kuɗi ne suka yi tsada. Lokacin cutar korona, kuɗin ruwa a bankunan Amurka ya sauko kusan sifili, gwamnati ta raba wa jama'a tallafi, mutane suna zaune a gida da salula a hannu. Kuɗi sun yi yawa suna neman wurin zuwa. Daga Maris na 2022 babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa don yaƙi da tsadar rayuwa, har ya wuce kashi 5 cikin 100 a 2023. Masu kuɗi suka janye daga harkokin kasada.

Na biyu, kuɗin intanet ɗin da ake ciniki da shi ya karye. Ether ya kai wajen dala 4,800 a Nuwamban 2021, ya faɗo ƙasa da dala 1,000 a Yunin 2022. A watan Mayu kuɗin Terra da Luna suka rushe, a Nuwamba kamfanin canji na FTX ya durƙushe, daga baya aka yanke wa shugabansa, Sam Bankman-Fried, ɗaurin shekara 25. Mai NFT ya sha duka biyu ke nan: farashin hotonsa a Ether ya ragu, shi kansa Ether ɗin ya ragu.

Na uku, kaya sun yi yawa. Kowace NFT ita kaɗai ce, haka ne, amma babu abin da ke hana wani ya sa kwamfuta ta zana wasu hotuna 10,000 gobe da safe. Aka yi ta zuba birai da kyanwoyi da zakuna har masu sayarwa suka fi masu saye yawa.

Na huɗu, akwai cinikin ƙarya. Duk mai zuwa kasuwar dabbobi ya san dabarar da ake yi, inda abokin mai rago zai zo yana taya shi da tsada don baƙo ya ruɗu. A intanet abin ya fi sauƙi. Mutum ɗaya zai buɗe asusu biyu ko goma ba tare da sunansa ba, ya dinga sayar wa kansa hoto ɗaya yana ƙara farashi. Mai kallo daga waje sai ya ga kamar ana rububi. Wasu kuma su tara kuɗin jama'a da alkawarin za su gina wasa ko su raba riba, sannan su rufe shafi su ɓace. A Maris na 2022 hukumomin Amurka sun gurfanar da wasu samari biyu kan irin wannan, a wani shiri mai suna Frosties, inda kusan dala miliyan 1.1 suka salwanta.

Sai babban dalili, wanda ya haɗe sauran. Gona tana ba da hatsi, gida yana kawo haya, saniya tana ba da nono. Ko albasar Galmi ta faɗi a kasuwa, ana iya kai ta tukunya. Hoton biri ba ya haifar da komai. Ribarsa ɗaya ce, a samu wani ya saya da tsadar da ta fi wadda ka saya. Ranar da sabbin masu saye suka ƙare, wanda kaya ke hannunsa shi ke kwana ciki.

Su wa suka ci, su wa suka rasa?

Waɗanda suka ƙirƙiro hotunan da kasuwannin da ke karɓar la'ada sun kwashi nasu tun farko. Asarar ta faɗa kan waɗanda suka shigo a makare, musamman masu ƙaramin ƙarfi da suka ga taurari suna saye suka bi sahu.

Masu zane kuwa, wasu sun amfana da gaske. Osinachi, ɗan garin Aba a Najeriya, wanda ke zane da manhajar Microsoft Word, ya kai aikinsa gwanjon Christie's a Landan a Oktoban 2021. Abin da ya fi jan hankalin masu zane shi ne alkawarin cewa duk lokacin da aka sake sayar da aikinsu za a ba su wani kaso. Amma da kasuwanni suka shiga gasar neman masu ciniki, sai suka mayar da biyan wannan kaso ganin dama. OpenSea ma ya sanar da daina tilasta shi a Agustan 2023.

Kasuwar ba ta mutu gaba ɗaya ba. Har yanzu akwai masu tara tsoffin jeri irin su CryptoPunks, akwai kuma masu zane da ke sayar da aikinsu ga masoyansu a farashi mai sauƙi. Abin da ya mutu shi ne zaton cewa kowane hoto zai zama dukiya.

Abin lura a gare mu

Matasanmu da yawa ba su sayi NFT ba, amma sun ɗanɗana makamancinsa. Ana tuna yadda a 2024 aka shafe watanni ana dangwala salula a wasan Hamster Kombat, da aka zo rabo a watan Satumba, abin da mafi yawa suka samu bai taka kara ya karya ba. Salon ɗaya ne, suna ne kawai ke sauyawa.

Don haka, ɗan'uwa ko ƴar'uwa, idan aka kawo maka tallar irin wannan, yi tambaya uku kafin ka tura ko dala ɗaya. Me nake saye takamaimai? Daga ina ribar za ta fito, in ba daga aljihun wanda zai shigo bayana ba? In abin ya lalace, wa zan kama? A sani cewa waɗannan kuɗaɗe ba bankin BCEAO ne ya buga su ba, kuma abin da aka tura a bulokcen ba ya dawowa sai in wanda ya karɓa ya ga dama. Kada a taɓa kuɗin iri, ko jarin sana'a, ko adashen uwar gida saboda hoton da kowa ke iya saukewa kyauta.