Kafin a sayi Nemo: Yadda ake zaɓen na'urorin tace ruwa na tankin kifin teku na farko

Bidiyon bai cika wuce daƙiƙa 30 ba a TikTok ko Instagram. Akwatin gilashi ne cike da ruwa garau, ga haske shuɗi, ga wani ɗan kifi ruwan lemo mai ratsin fari yana kai-komo tsakanin duwatsu. Shi ne kifin da fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya yi wa suna a duniya, kuma yana cikin kifayen da suka fi jan hankalin matasa zuwa kiwon kifin ado na ruwan gishiri.

Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne cikin kabad ɗin da ke ƙarƙashin tankin, inda injina da bututai da wayoyin lantarki suke. A nan ran kifin yake, kuma a nan sabon shiga kan yi asarar kuɗinsa idan ya sayi kaya a baibai.

Ainihin mai tace ruwan ba inji ba ne

Kifi na fitar da sinadarin amoniya ta kashi da kuma numfashi, ragowar abinci ma idan ya ruɓe amoniya yake zama. Kaɗan daga cikinta ya isa ya kashe kifi. Babu soso ko raga da ke iya kama ta. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani ne ke mayar da ita naitarait, wasu kuma su mayar da naitarait zuwa naitaret, wanda cutarwarsa ba ta kai ta amoniya ba, kuma ana rage shi ta hanyar sauya wani ɓangare na ruwan.

Waɗannan ƙwayoyi suna zama ne a jikin dutse mai ƙofofi da yawa, wanda masu harkar ke kira dutse mai rai. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce kimanin kilo ɗaya na dutse ga kowace lita 8 zuwa 10 ta ruwa. Bayan an zuba dutsen da ruwan, ƙwayoyin kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yi yawa. Ba a sa kifi sai kayan gwaji sun nuna amoniya da naitarait sun koma sifili. Babu na'urar da za a amince ta maye gurbin wannan gwaji, komai tsadarta.

Ruwan da za a zuba

Ruwan famfo yakan zo da kulorin, na burtsatse kuma da ma'adanai da kan haifar da gansakuka. Shi ya sa na'urar farko da ta cancanci kuɗin sabon shiga ita ce matatar RO/DI, wadda ke tura ruwa ta cikin wata fata mai ƙananan ƙofofi sannan ta tsotse sauran ma'adanan. Wani ɗan ma'auni mai kamar biro, TDS, shi ke nuna ko aikin ya yi: sifili ake so a gani. Matatar na zubar da kimanin lita 3 zuwa 4 kan kowace lita ɗaya da ta tace, amma ana iya tara wannan ruwan a yi wanki ko ban-ruwan shuka.

Gishirin girki ba ya aiki a nan. Akwai gishirin teku da ake haɗawa musamman don tanki, ana kuma narkar da shi har ma'aunin gishiri ya nuna kusan 1.025. Idan ruwa ya ragu saboda zafi, gishirin yana nan bai tafi ba, don haka da ruwa marar gishiri ake ciko.

Skima, gwangwani ko samp?

Skima na'ura ce da ke cakuɗa ruwa da dubban ƙananan kumfar iska. Datti na manne wa kumfar, ta tashi da shi zuwa wani kofi a sama, a zubar da shi tun bai ruɓe ba. Haɗa skima da dutse mai rai shi ake kira tsarin Berlin, saboda masu kiwon kifi na wannan birni na Jamus ne suka yayata shi. Ga tanki mai lita 75 da kifaye biyu, ana iya haƙura da skima muddin za a riƙa sauya kashi 10 cikin 100 na ruwan duk mako. Da zarar tanki ya kai lita 150 zuwa sama, ko kifayen sun yi yawa, kwalliya na biyan kuɗin sabulu.

Matatar gwangwani, wadda aka saba gani a tankin ruwan daɗi, tana da tarko. Datti na taruwa a cikinta inda ido ba ya gani, idan ba a wanke ta a kai a kai ba sai ta riƙa cika ruwan da naitaret.

Samp kuwa ƙaramin tanki ne na biyu da ake ɓoyewa a kabad. Yana ƙara yawan ruwa, yana kuma ɓoye injina, amma yana buƙatar haɗa bututai, kuma dole a bar masa sararin da zai karɓi ruwan da zai gangaro idan inji ya tsaya. Ga mai farawa, tanki mai ɗakin tacewa a bayansa ya fi sauƙin sarrafawa.

Ranar da aka ɗauke wuta

Wannan ita ce tambayar da ya kamata mai zama a Kano ko Maraɗi ya fara yi wa kansa. Ruwan gishiri ba ya riƙe iskar oksijin kamar ruwan daɗi, ruwa mai ɗumi kuma ya fi saurin rasa ta. Idan ruwa ya daina motsi na wasu sa'o'i, kifi da bakteriyar duka sai su fara galabaita, musamman ƙwayoyin da ke kulle a cikin matatar gwangwani.

Abin da ya zama wajibi ya ci gaba da aiki shi ne injin kaɗa ruwa. Mai cin wat 10 zai sha wat-awa 100 ne kacal a sa'o'i 10, abin da ƙaramar inbata ko batirin sola zai ɗauka cikin sauƙi. Kamfanin EcoTech Marine na sayar da batiri na musamman ga injinansa na VorTech, akwai kuma ƙananan injinan hura iska masu batiri da ke tashi da kansu idan wuta ta ɗauke.

Sai kuma zafi. Kifayen nan sun fi son ruwa mai maki 24 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyos, alhali a watan Afrilu zafin Arewa kan haura 40. Fanka da ke hura saman ruwa na rage 'yan maki, amma ɗaki mai zafi sosai sai da na'urar sanyaya ruwa, ita kuwa tana shan wuta.

Ina matsayin waya?

Akwai na'urori irin su Apex na kamfanin Neptune Systems da ke auna zafin ruwa da yanayinsa, su aika saƙo zuwa waya idan wani abu ya kauce. Suna da amfani, amma ba sa cire amoniya. Kuma idan wutar da ta ɗauke ta tafi da intanet ɗin gidan, mai tankin ba zai iya taɓa komai daga nesa ba.

Don haka jerin sayayyar ya kamata ya fara da matatar RO/DI, gishiri da ma'auninsa, dutse, injin kaɗa ruwa da batirinsa, sai kayan gwaji. Skima da na'urar da ke magana da waya za su iya jira. Kifin shi ne na ƙarshe, bayan gwaji ya nuna sifili.