Katin Gaisuwa Da Ya Zaga Duniya, Mai Shi Bai Ci Riba Ba

Masu iya magana sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan karin maganar ya dace da labarin Robert Indiana, wani mai zane ɗan Amurka, da katinsa na barka da Kirsimeti.

Indiana yana cikin masu salon zanen nan da ake kira Pop, wanda ya tsiro a Ingila cikin shekarun 1950, sa'an nan ya bunƙasa a Amurka. Masu wannan salo sukan ɗauko abubuwan da jama'a suka saba gani kullum, watau tallace-tallace da gwangwanayen abinci, su zana su da launuka masu ɗaukar ido. Irin wannan zane yana da sauƙin bugawa a maɗaba'a, shi ya sa ya dace da katin gaisuwa. Shi kansa Andy Warhol ya zana wa kamfanin Tiffany katunan Kirsimeti kafin ya shahara da gwangwanayen miyan Campbell a 1962.

A shekarar 1965 gidan ajiye zane-zanen zamani na birnin Niyok ya buga katin Indiana. Haruffa huɗu ne kawai a jikinsa, LOVE, watau ƙauna, biyu a sama, biyu a ƙasa, harafin O ya ɗan karkace. Haruffan ja ne, bayansu kuma kore da shuɗi. Katin ya yi kasuwa ainun. A 1973 gidan waya na Amurka ya sa zanen a kan sarki na santi 8, aka buga fiye da miliyan 300.

To, amma akwai rina a kaba. An fid da zanen ba tare da alamar haƙƙin mallaka ba, alhali kuwa dokar Amurka ta lokacin ta wajabta sa ta. Nan da nan 'yan kasuwa suka shiga kwaikwayonsa a riguna da zobba da kofuna, ba su ba shi ko anini ba. Wasu masana zane kuma suka juya masa baya, wai ya zama ɗan talla. Ya rasu a 2018.

Saboda haka ɗalibin da ke koyon zane ya lura: haruffa kaɗan da launi uku sun isa su isar da saƙo, amma kafin ya miƙa aikinsa ga maɗaba'a, ya tabbatar da haƙƙinsa a rubuce.