Ƙera Samfur Cikin Gaggawa: Yadda Inji Mai Motsi Biyar Ke Gyara Awo

Kafin masana'anta ta zuba dukiya wajen ƙera wani abu dubu-dubu, takan fara yin guda ɗaya don gwaji. Wannan shi ake kira samfur. Idan awonsa ya kauce, to gwajin da aka yi da shi ya zama shaidar zur, kuma asarar ba za ta bayyana ba sai kaya sun shiga kasuwa. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce nuna inda kuskuren yake fitowa da yadda ake rage shi.

Hanyar gaggawa da ta fi shahara ita ce gini hawa-hawa. A 1986 Charles Hull na Amurka ya sami takardar mallakar wata dabara ta daskarar da ruwan roba da haske, shimfiɗa bisa shimfiɗa, har siffa ta cika. Injunan da ke narka zaren roba kuwa sukan zuba shimfiɗa mai kaurin milimita 0.1 zuwa 0.3. Sai dai duk inda jikin abin ya karkata, shimfiɗun kan bar 'yan matakala kamar na bene. Bugu da ƙari, abin da aka narka yakan tsuke idan ya huce.

Maganin wannan shi ne sassaƙa. Injin sassaƙar ƙarfe mai bin umarnin lambobi ya girmi waccan dabara, domin tun 1952 aka nuna shi a cibiyar MIT, bisa tunanin John Parsons. Wanda aka fi sani yana da motsi uku: dama da hagu, gaba da baya, sama da ƙasa. Mai motsi biyar ya ƙara juyi biyu, watau ko dai teburin ya karkata ya kewaya, ko kuwa kan injin.

Mai karatu zai iya tambaya, me juyi biyu za su ƙara wa awo? Da farko dai, inji mai motsi uku ba ya kaiwa ƙarƙashin abu ko gefensa sai an kwance shi an sake ɗaurewa, kuma kowane ɗauri da ɗan kuskurensa. Mai biyar yakan gama fuska biyar a ɗauri guda. Amma a ganina babban amfanin yana ga tsawon wuƙar injin. Wuƙa takan lanƙwasa yayin yanka, kuma idan aka ninka tsawonta sau biyu, lanƙwasar kan ninku sau takwas. Da yake ana iya karkato abin zuwa ga wuƙa, gajera ta wadatar a inda dā sai doguwa. Haka nan wuƙa mai mulmulallen kai: tsakiyar kanta ba ta yanka, gogawa kawai take yi. Karkata ta kaɗan sai gefenta mai kaifi ya kama aiki. Shi ya sa fikafikan farfelar injin jirgin sama suka zama aikin wannan inji.

Saboda haka ake haɗa hanyoyin biyu. A gina samfurin da ɗan rara, alal misali rabin milimita, sa'an nan a sassaƙe rarar. A 2013 kamfanin DMG Mori ya nuna injin da ke yin duka biyun a wuri ɗaya.

Duk da haka juyin ma da nasa aibin. In lissafin injin ya kuskure ainihin cibiyar da tebur ke kewayawa, kuskuren zai bi kowace fuska, don haka lalle ne a riƙa auna cibiyar da ƙwallon gwaji ana gyara lissafin. Ga kuma zafi, wanda ya fi shafar ƙasashe irin namu. Ƙa'idar duniya ita ce a yi awo a digiri 20. Gorar ruwa mai tsawon mita ɗaya takan miƙe da kimanin milimita 0.023 a kowane digiri. Ke nan samfur mai rabin mita, in aka auna shi a ɗaki mai digiri 35, ya ƙaru da milimita 0.17, fiye da kaurin siririyar shimfiɗar da aka sha wahalar sassaƙewa.