Neman Manyan Dawa: Daga Tsanyawa Zuwa Yankari

Wanda ya bi hanyar Katsina daga Kano, ya wuce Bichi ya shiga ƙasar Tsanyawa, zai ga gona tana bin gona har iyakar ganinsa. Gero da dawa da wake da gyaɗa sun cinye fili, sai gawo da ɗorawa da kuka da manomi ya bari a tsaye saboda amfaninsu. Babu sauran kurmin da zaki zai ɓuya a nan. Amma sunansa bai bar bakin mutane ba. Bafade yana durƙusawa gaban sarki ya ce "Zaki!" Ana yi wa mai suna Aliyu laƙabi da shi, kuma ɗalibin Islamiyya ya san Sayyidina Hamza da sunan Zakin Allah. Da dare kuwa, idan kaka ta ce ga ta nan ga ta nanku, zaki, Manyan Dawa, ne ke zaman shari'a a tsakanin namun daji, har Gizo ya zo ya yi masa wayo.

Gani ya kori ji. Mutumin Tsanyawa da ke son ganin wannan dabba yana da zaɓi biyu. Na kusa shi ne gidan zu na Audu Bako a Kano, inda a watan Oktoba na 2019 wani zaki ya kuɓuce wa masu kula da shi, ya hana mazauna unguwannin kewaye barci, ya cinye awakin da ya tarar kafin a mayar da shi keji. Na nesa, kuma wanda ya fi daraja, shi ne a je masa har gida.

Tafiyar yini ce cur. Daga Kano a bi Wudil da Birnin Kudu da Ningi a sauka Bauchi, a ɗauki hanyar Gombe, a karkata a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji a ƙaramar hukumar Alkaleri. Daga nan an shiga Yankari, dajin da aka keɓe a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan aka mayar wa Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. A tsakiyarsa kogin Gaji yake, kuma da rani, idan tafkuna suka ƙafe, nan ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da giwaye ke taruwa shan ruwa. Inda nama ya taru, nan mafarauci ke kwanto. Shi ya sa masu zuwa da niyyar ganin dabbobi suke zaɓar watannin rani, lokacin da ciyawa ta faɗi ido yana iya ratsa daji.

Sai dai ganin Dala ba shiga birni ba ne. Baƙo zai yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, gwaggon biri zai biyo shi har ƙofar ɗaki, zai ga gadu yana kiwo a durƙushe, amma da wuya ya yi ido biyu da zaki. Abin da mai sa'a kan samu shi ne sawu a kan yashi da sassafe, faffaɗa, mai yatsu huɗu ba alamar farce, domin zaki yana maƙale faratansa idan yana tafiya, saɓanin kura da kare. Ko kuma ya ji ruri cikin dare, wanda kan kai nisan kilomita 8. Ba don fushi yake yin sa ba. Sanarwa ce ga danginsa cewa ga inda yake, da gargaɗi ga baƙon namiji cewa wannan yanki da mai shi.

Wani ɓangare na wuyar ganinsa halinsa ne. Zaki yakan kwashe kusan awa 20 a kwance a inuwa, ya bar aiki sai dare ya yi. Kuma a cikin garke zakanya ce ke ɗauke da yawancin farauta: su lallaɓa, su yi wa nama ƙawanya, ɗaya ta shaƙe maƙogwaro. Namiji ya zo ya fara ci, amma shi ma da nasa nauyin, domin ranar da wani namiji ya kore shi, sabon mai gida yakan kashe ƙananan 'ya'yan da ya tarar. Zakanya tana ɗaukar ciki kwana 110 ko kusa da haka, ta haifi biyu zuwa huɗu a ɓoye, idonsu a rufe, jikinsu da ɗige-ɗige da kan ɓace idan sun tasa.

Ana cewa zaki ba ya cin mushe, kuma da wannan ake yabon mutum mai kamun kai. Maganar tana da kyau a kan mutum, amma daji bai gaskata ta ba. Zaki yana bin saukar ungulu, yana ƙwace abin da kura ta kama, ita ma kurar idan ta taru da yawa takan kore zakanya daga kan nata. Wannan cin mushen ne ma ya zame masa ajali a wurare da dama na Afirka. Makiyayin da aka kashe wa saniya ya zuba maganin ƙwari a ragowar naman, garke ya dawo ci, da safe a tarar da zakuna da ungulaye a zube. Ba za a ƙi jin zafin makiyayin ba, saniya ita ce dukiyarsa, amma guba ba ta tambayar wanda ya yi laifi.

Babban dalilin wuyar ganinsa dai shi ne ƙaranci. Wani bincike da Philipp Henschel na ƙungiyar Panthera ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2014, ya duba dazuzzuka 21 a Afirka ta Yamma, ya tarar da zaki a huɗu kacal: Niokolo-Koba a Senegal, dajin W da Arly da Pendjari da ya haɗa Nijar da Burkina Faso da Benin, sai Kainji da Yankari a Najeriya. A lokacin duka-duka kimanin 400 ne, manyan da suka isa haihuwa ba su kai 250 ba, kuma mafi yawansu a wancan daji na ƙasashe uku suke. Na Yankari a lokacin ana iya ƙirga su da yatsun hannu. A 2015 aka sa zakin Afirka ta Yamma cikin dabbobin da ke bakin ƙarewa. Abin baƙin cikin shi ne ba a iya cike gurbinsa da na Kenya ko Afirka ta Kudu, domin binciken jini ya nuna ya fi kusa da zakin dajin Gir na Indiya, kuma gezarsa ba ta cika kauri irin ta waɗancan ba.

Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Abin da ya share daji a ƙasar Kano ta arewa, wato yawan jama'a da buƙatar gona da itacen girki, shi ne yake matso Yankari ta kowace kusurwa. Ga maharba da ke rage naman da zaki zai ci, ga tarkon waya da aka ɗana wa mazo ya kama ƙafar zakanya, ga masu magani a kasuwanni da ke tallar man zaki don ciwon gaɓoɓi, na gaskiya ne ko jabu, wanda ke sa a ci gaba da neman kitsensa da fatarsa.

Tun 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta shiga yarjejeniya da gwamnatin Bauchi don ƙarfafa masu gadin dajin, waɗanda kan kwana a jeji suna sintiri a ƙafa, suna kwance tarko, suna fuskantar mutane masu bindiga. Wasu daga cikinsu sun rasa rayukansu a kan wannan aiki. Ya kamata makarantun Tsanyawa da Kunchi da Bichi su riƙa kai ɗalibai Yankari da rani, su zauna da waɗannan mutane, a nuna musu yadda ake bambance sawun zaki da na kura, da yadda ake gane na daren jiya da na shekaranjiya.