Awon Baƙin Mai A Injin Kwale-kwale

Kogin Wudil, wanda ya bi ta gefen ƙasar Ajingi ya nufi Ringim da Haɗeja, ya kan cika ya batse da damina, musamman cikin watan Agusta. A irin wannan lokaci duk mai fito ya san rayukan mutane da dukiyarsu suna hannunsa. Idan jirginsa mai inji ne, injin kuwa ya mutu a tsakiyar ruwa, igiya za ta juya jirgin ta gicciye, abin da zai biyo baya ba mai daɗin faɗi ba ne. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi wa masu karatunmu na Gaya da Ajingi bayani a kan wani abu ƙanƙane da ke kashe irin wannan inji, watau rashin auna baƙin mai kafin a gauraya shi da fetur.

Injin mota yana da ma'ajin baƙin mai a ƙarƙashinsa, da famfon da ke kai man ko'ina. Shi kuwa injin da a ke rataya wa kwale-kwale a baya, irin wanda ya yawaita a Yawuri da Baga, galibi mai bugu biyu ne, watau fistin ya hau sau ɗaya ya sauka sau ɗaya, wuta ta sake kamawa. Ba shi da ma'aji. Fetur da iska su kan ratsa ta cikin cikinsa kafin su isa inda za su ƙone, baƙin man da ke cikin fetur ɗin kuwa shi kaɗai ne ke jiƙa boris da fistin. Ƙaramin janaretan nan da ke cikin gidaje da kantuna, wanda a ke zuba wa gaurayayyen mai, shi ma haka ya ke.

To, idan man ya gaza, ƙarfe zai goga ƙarfe, fistin ya yi zafi ya kumbura ya cije, inji ya buga. Idan kuma ya yi yawa, sai hayaƙi ya turnuƙe, fulogi ya yi baƙi ya ƙi ba da wuta, ragowar man ya malala bisa ruwan da masunta ke neman abinci a ciki.

Awon ya danganta ga irin injin. Ole Evinrude ya ƙera injinsa a Milwaukee ta Amurka a 1909, tun daga nan kuwa a ke ta rage yawan man da inji ke bukata. Tsofaffin injunan British Seagull na Ingila kashi ɗaya na baƙin mai su ke sha cikin kashi 10 na fetur. Kamfanin Johnson da na Evinrude sun koma ɗaya cikin 50 a 1964, wannan kuwa shi ne awon da ya fi yawa a yau. Sabon inji, cikin awoyinsa na farko, a kan ninka masa, ya zama ɗaya cikin 25. Amma hukunci na littafin injin ne, ko rubutun da ke jikin murfinsa. Inji mai bugu huɗu ba a gauraya masa kome.

Ga lissafin. A awon ɗaya cikin 50, kowace lita ta fetur tana cin mililita 20 na baƙin mai. Lita 5, mililita 100 ke nan. Lita 20, mililita 400. Jarka mai lita 25, rabin lita cif. A awon ɗaya cikin 25 sai a ninka kowane. Wanda ba shi da kofin awo ya nemi sirinji mai mililita 20 a kantin magani, ko tsabtatacciyar robar ruwan sha mai rabin lita, ya shanya ta ta bushe sarai. A yi hattara da kalmar galan: na Ingila ya ɗara lita huɗu da rabi kaɗan, na Amurka bai kai lita huɗu ba. Lita ita ce ba ta da gardama.

Wajen gaurayawa, a yi shi a bakin gaɓa, nesa da wuta da masu shan taba. A zuba fetur kaɗan a jarka, a zuba man duka, a toshe a girgiza, sa'an nan a cika a sake girgizawa. Wanda ya tsiyaya man kai tsaye cikin tanki, man zai kwanta a ƙasa, injin ya sha kauri da fari, ya sha tsinkakke daga baya.

Irin man ma abin dubawa ne. Injin kwale-kwale da ruwan kogi ya ke hucewa, saboda haka man da ya dace da shi shi ne mai alamar TC-W3 a jikin gwangwaninsa, wanda ba ya barin toka. Man mota yana barin toka. Tsohon man da aka juye daga mota kuwa cike ya ke da garin ƙarfe. Araha ba ta ado, kuɗin fistin ɗaya ya fi na gwangwanaye masu yawa.

Roƙonmu ga malaman makaranta shi ne su sa wannan cikin darasin lissafi, domin ɗan mai fito ya koma gida ya gaya wa ubansa man da lita 15 ke ci. Akawuna kuwa su rubuta awon da manyan baƙaƙe a kafa a mashigai, inda kowane mai jirgi zai gani kafin ya ɗauki mutane.