Me Ke Sa Tsohuwar Fijo Zafi Da Shaƙewa?

Yau za mu leƙa ƙarƙashin bonet ɗin Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, kuma daga 1975 aka riƙa harhaɗa ta a Kaduna. Har yau tana kai fasinja da kaya kasuwannin ƙauye, kuma akwai gidajen da ita ce ke ciyar da su. Ranar da ta kwana a gareji, ranar babu kuɗin cefane.

Abu biyu direbobinta suka fi kuka da su. Na farko, inji ya ɗauki zafi har ruwa ya tafasa. Na biyu, a taka totur mota ta shaƙe, ta yi jim kafin ta ja. Mutane da yawa suna ɗauka cuta biyu ce daban, alhali sau da yawa tushensu ɗaya.

Daga ina zafi yake zuwa?

Injin Fijo yana da silinda 4, kuma a cikinsu ake ƙona fetur. Ruwa ne ke zagayawa ya kwashe zafin ya kai lagireto, inda iska ke sanyaya shi. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma murfin lagireto yana matse shi don kada ya tafasa da wuri. Saboda haka murfin da robarsa ta mutu ma yana iya jawo matsala.

Ga abin da ake dubawa, daga mai sauƙi zuwa mai wuya:

1. Ruwa. Ya cika? Akwai yoyo a tiyo ko a jikin lagireto?
2. Fanbel. Shi ke juya famfon ruwa da fanka. In ya saki, ruwa ba zai zagaya sosai ba.
3. Lagireto. Ƙura da ciyayi suna toshe shi ta waje, tsatsa da laka kuma ta ciki, musamman in ana zuba masa ruwan rijiya ko na kududdufi.
4. Tamostat. Wata 'yar ƙofa ce da ke buɗewa in ruwa ya yi zafi. In ta maƙale a rufe, ruwa ba zai isa lagireto ba.

Me ke kawo shaƙewa?

Fijo ta dā kafireto take amfani da shi wajen gauraya fetur da iska. Da an taka totur, iska mai yawa takan shiga a lokaci guda. Don haka akwai wani ɗan famfo a jikin kafireto da ke fesa ƙarin mai nan take. In robarsa ta yage ko hancinsa ya toshe, iska ta fi mai yawa ke nan, sai mota ta shaƙe. Filtar mai da ta cika da datti da famfon mai da ya gaji su ma suna rage man da ke isa inji.

Sai ɓangaren wuta. Fulogi ne ke kunna man, kuma dole wutar ta zo a kan kari. Kwantak da ke cikin distiribito yana da tazarar milimita 0.4. In ya cinye, wuta takan yi rauni ko ta zo a makare.

Inda cutar biyu suka haɗu

Nan ne bakanike mai lura yake bambanta da mai canza kaya barkatai. Abu uku suna iya kawo zafi da shaƙewa tare.

Na ɗaya, tayimin. In wuta tana zuwa a makare, mai yakan ci gaba da ci har lokacin da hayaƙi ke fita. Ƙarfi ya ragu, zafi ya ƙaru.

Na biyu, ƙarancin mai. In iska na satar shiga ta tsagaggen tiyo ko ta gindin kafireto, inji yakan yi zafi kuma ya rasa ƙarfi. Fulogi zai ba da shaida: in bakinsa ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan. In ya yi baƙi da kunkunniya, mai ya yi yawa. Ruwan ƙasa-ƙasa shi ne lafiya.

Na uku, zafin kansa. In inji ya yi zafi ainun, fetur yakan zama tururi tun a cikin bututu, famfo ya kasa tura shi. Alamarsa ita ce mota tana tafiya lafiya da safe, amma ta fara shaƙewa da rana tsaka ko a cunkoso.

Saboda haka wanda ya sayi sabon lagireto bai duba tayimin ba, yana iya kashe kuɗinsa a banza.

Gargaɗi

In allurar zafi ta kai ja, a tsaya a kashe mota. Kada a buɗe murfin lagireto sai inji ya huce, domin tafasasshen ruwa zai yi tsiri ya ƙona fuska da hannu. Kada kuma a sheƙa ruwan sanyi cikin inji mai zafi, kan injin yana iya tsagewa. In aka yi ta tafiya a haka, gasket ne zai ƙone. Ana gane shi da farin hayaƙi a salansa, da kumfa a lagireto, da baƙin mai da ya koma kamar shayi da madara. Wannan gyara sai an sauke kan inji.

Mu yara ba namu ba ne taɓa inji mai zafi. Amma in Baba ko Kawu zai fita da tsohuwar mota, za mu iya tuna masa ya duba ruwa da fanbel tun inji yana da sanyi. Rigakafi ya fi magani.

Daga ɗalibin aji biyu, ƙaramar sakandare